Mai tambayar "yaushe taimakon Allah zai zo" ba tsawa yake buƙata ba

A zaurukan ta'aziyya na gabashin Sakkwato akwai tambayar da ke fitowa yanzu daga bakin mutanen da ba a san su da wasa da salla ba. Dattijo ne da ya tsufa a sahun farko. An kashe masa ɗa a gona, an kore shanun huɗa, ya sayar da fadama ya fanso surukarsa. Sai ya dubi liman ya ce: "Allah shi gafarta Malam, mi munka yi ma Allah? Addu'a mun yi, alƙunutu mun yi, yaushe wagga masifa za ta ƙare?" Amsar da yake samu ba ta wuce biyu. Ko a daka masa tsawa a ce ya yi istigfari kada ya fita daga Musulunci, ko a ce "sai haƙuri, Baba" a shafa fatiha a watse. A ganina duka biyun gazawa ce, kuma gazawar ta masu amsa ce, ba ta mai tambaya ba.

Wanda ke zaune a Mabera ko Gawon Nama cikin birnin Sakkwato yana iya ɗaukar maganar a matsayin raunin imani. To, a dubi abin da ya bi ta kan mutanen nan. A Yulin 2018 aka afka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, a Oktoba aka buɗe wa mutane wuta a kasuwar Goronyo, a Disamba aka ƙona matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. A 2023 aka sha ƙarancin takardun naira, aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, aka rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tangaza da Gudu suna fama da 'yan bindigar Lakurawa. A ƙauyuka da dama sai manomi ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi. Mutumin da ya ratso duk wannan yana alwala sau biyar a rana ya cancanci a zauna a saurare shi.

Alƙur'ani kansa bai ɓoye wannan tambaya ba. A Baƙara aya ta 214 an ba da labarin mutanen da tsanani ya girgiza har Manzonsu da muminan da ke tare da shi suka ce yaushe taimakon Allah zai zo, kuma abin da ya biyo baya ba zargi ba ne, albishir ne cewa taimakon yana kusa. A Ahzabi aya ta 10 da ta 11 an siffanta sahabbai a yaƙin gwalalo: idanu sun karkata, zukata sun kai maƙogwaro, ana ta zace-zace game da Allah. Nana Maryamu da naƙuda ta kama ta a gindin dabino cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan rana. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Sayyidina Umar ya tsaya gaban Annabi (SAW) yana tambaya ashe ba a kan gaskiya muke ba, don me za mu karɓi waɗannan sharuɗɗa, kuma aka amsa masa ba a kore shi ba. Maƙwabtanmu Kirista ma suna karanta irin haka a Zabura ta 77, inda mai addu'a ya tambaya ko Allah ya manta da yin alheri, sannan ya koma yana lissafa ayyukan Ubangiji na dā. Idan Littafi ya ajiye tambayar ana karanta ta a tarawihi, ban ga hujjar da malami zai kafa ya haramta ta a zaure ba.

Inda ake fara kuskure shi ne a ɗauka duk mai irin wannan magana ciwo ɗaya ke damunsa. Mafi yawansu kuka kawai suke yi. Zafi ne ya cika ƙirji ya nemi hanyar fita, kamar yadda Annabi Yaƙubu ya ce baƙin cikinsa ga Allah yake kai ƙararsa. Wannan ba hujja yake nema ba, kuma alamarsa ita ce da an bar shi ya gama sai ya rufe da "Allah dai ya sa mu cika da imani" da kansa. Annabi (SAW) kuwa, da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya zubar da hawaye ya ce ido yana kuka, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Mai kuka zama yake so a yi tare da shi, a kai masa abinci, a bar shi ya ambaci sunan mamacin.

Waswasi daban yake. Tunani ne mummuna game da Allah da ke faɗo wa mutum ba da sonsa ba, sau da yawa cikin salla, ya tsorata da shi, ya ji kamar ya kafirta. Sahabbai sun kawo wa Annabi (SAW) irin wannan suka ce suna jin abin da ba za su iya furtawa ba, ya ce musu wannan tsantsar imani ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito, malamai kuma suka bayyana cewa ƙyamar da suka ji ita ce imanin. Maganin da hadisi ya bayar gajere ne: a nemi tsari daga Shaiɗan, a ce na yi imani da Allah, a daina bin tunanin. Abin da ke ɓata lamarin shi ne jayayya da shi. Mai waswasi yakan maimaita kalmar shahada sau ɗari, ya sake alwala, ya je wurin malami na farko da na biyu da na uku yana tambayar ko imaninsa yana nan. Kowace amsa tana ba shi sauƙi na sa'a ɗaya ko biyu, sai tunanin ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko, domin zuciya ta koyi cewa abin haɗari ne tunda ana ta gudunsa. Malamin da ya gane haka yakan ba da amsa sau ɗaya, a fili, ya ce kada ka sake tambayar kowa wannan.

Akwai kuma shubuha ta gaske, wadda ta fi yawa a tsakanin ɗalibai da matasan da ke kwana a Facebook da TikTok. Idan Allah mai rahama ne kuma mai iko, don me jariri zai mutu da yunwa a sansanin gudun hijira? Wannan ba faɗo masa tunanin ya yi ba, shi ya zauna ya gina shi, kuma amsa yake so. Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake raya matattu don zuciyarsa ta natsu, aka kuwa nuna masa, yana nan a Baƙara aya ta 260. Irin wannan yaro malamin tauhidi mai haƙuri yake buƙata, a keɓe, zama uku ko huɗu, ba a gaban abokansa ba. In aka ba shi maganin mai waswasi, wato aka ce ya yi shiru, zai yi shirun a gabanka ya kai tambayar wayarsa. In kuma aka ba mai waswasi maganin mai shubuha, aka cika shi da hujjoji, an ƙara wa wutarsa itace.

Na huɗu shi aka fi yi wa rashin adalci, domin ciwo ne na jiki da ƙwaƙwalwa ake karanta shi a matsayin ƙarancin tawakkali. Matar da ta ga an harbe mijinta, ta yi wata biyu ba ta barci, ƙarar babur a lungu ta sa ta jefar da tulu ta ruga ɗaki, firgita ce ta kama ta. Wanda ya wuce mako biyu ba ya son abinci, ba ya jin daɗin komai har wasan jikokinsa, ya farka tun kafin assalatu ya kasa komawa, yana ganin kansa kaya ne a kan iyalinsa, ciwon damuwa ne. Idan ya ce salla ta daina yi masa daɗi, ciwon ne ya ɗauke ɗanɗanon kamar yadda ya ɗauke na abinci. Idan ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabar da kayansa, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin ƙwari da fiya-fiya da igiya daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, muna da asibitin koyarwa na jami'a a cikin gari. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma abin da ya fi lalata jinya shi ne a daina sha da an ji sauƙi ko a daina don ba a ga canji a mako na farko ba. Addu'a da tofi suna tafiya tare da wannan, ba sa maye gurbinsa.

Bayan an gane wane ne a gabanka, sai a zo kan abin da Alƙur'ani ya fi yawan yi wa mai raunin zuciya, wato tuna masa taimakon da ya riga ya gani. Abin yana da jeri, kuma Suratud Duha ta nuna shi a ayoyi 11. Wahayi ya yanke na ɗan lokaci, mushirikai suna cewa Ubangijinsa ya rabu da shi. Da surar ta sauka ba ta fara da tarihi ba. Ta fara da cire tsoron da ke cin zuciya: Ubangijinka bai rabu da kai ba, bai kuma ƙi ka ba. Sai alkawari. Sannan abubuwa uku daga rayuwarsa shi kansa: maraya ne aka ba shi makoma, yana neman hanya aka shiryar da shi, ba shi da dukiya aka wadata shi. Daga ƙarshe aka ba shi aiki uku da suka dace da su: maraya, mai tambaya, da bayyana ni'ima. Haka aka yi wa Annabi Musa a Ɗaha, aya ta 37 zuwa ta 40, kafin ya tunkari Fir'auna. An ambata masa akwatin, da kogin, da 'yar'uwarsa da ta bi sawunsa, da komawarsa ga mahaifiyarsa, da shekarun Madyana. Ba a ce masa Allah mai iko ne a dunƙule ba, ko da yake ya san haka. An lissafa masa abin da ya faru da shi ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ne bambancin tunatarwa mai aiki da wadda ba ta aiki. "Allah ya yi maka ni'imomi da yawa" magana ce da ba ta kama ko'ina. Mai tunatarwa tambaya yake yi, shi kuma mai baƙin ciki ya ba da labarin da bakinsa. "Baba, shekarar fari ta 1973 ina kuke, da me kuka ci?" "Inna, ambaliyar 2010, da ruwan Rima ya karya gadar hanyar jami'a, wa ya ba ku masauki?" "Sanƙarau na 1996 ya shiga gidanku?" Abu uku sun isa, kuma a kowanne a nemi sassa huɗu: menene wahalar, me ya ji tsoro a lokacin, ta hannun wa sauƙi ya zo, kuma tsawon wane lokaci aka jira. Sashe na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, alhali shi ya fi amfani. Zuciya tana gajarta wahalar da ta wuce, mutum ya riƙa ganin kamar kwana kaɗan aka yi, ta yanzu kuwa ba ta da iyaka. Da ya lissafa ya ga damina biyu ko uku aka yi kafin garke ya dawo, sai jiran da yake ciki ya daina kama da watsi. Mai iya rubutu, da ajami ko da boko, ya rubuta su a takarda ya ajiye cikin gafakarsa. Sannan ya shigar da su cikin addu'arsa yadda Annabi Zakariyya ya yi a farkon Suratu Maryam, da ya ambaci tsufansa da furfurarsa ya ce bai taɓa taɓewa ba wajen roƙon Ubangijinsa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Kwana ukun zaman makoki ba na wannan ba ne. Wanda ka ce wa ya tuna ni'ima alhali ƙasar kabari ba ta bushe ba, abin da zai ji shi ne ka raina rashinsa. Lokacin ya fi dacewa bayan baƙi sun ɗauke ƙafa, gida ya yi tsit, kuma zama na kwata ɗin awa da ake maimaitawa ya fi wa'azin awa biyu na rana ɗaya. Mace mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma a cikin gida, kuma watanni biyu na tsakiya su ne ba wanda ke leƙo ta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Garin da Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, tana tura malaman mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata bayan shekarun yaƙi, bai kamata ya rasa malaman mata da za su shiga makarantun firamare da kangayen da 'yan gudun hijira suka cika ba. A lokacin sauƙi kuma ya kamata a koya wa yara labaran gidansu. Tuna ni'ima kamar rumbu ne, da kaka ake cika shi, da bazara ake buɗewa.

Hanyoyin da abin ke lalacewa sanannu ne. Akwai gwada wahala, a ce wa wanda ya rasa ɗa ɗaya ai wane uku ya rasa. Hadisin duban na ƙasa da kai mutum ne ke yi wa kansa nasiha da shi, ba sanda ba ce ta rufe bakin wani. Akwai yanka wa Allah wa'adi, a ce in sha Allahu kafin Sallah komai ya wuce. Sallah ta zo ta wuce, sai shakka ta koma biyu. Mafi muni shi ne masu sayar da addu'a da tabbaci, su karɓi rago ko kuɗin da aka tara na fansa su ce nan da kwana bakwai za a sako wanda aka sace. Da Khabbab ɗan Aratti ya kai kuka ga Annabi (SAW) a inuwar Ka'aba ya ce ba za ka roƙa mana taimako ba, an tuna masa abin da na farko suka sha, an yi masa alkawarin ranar da matafiyi zai tashi daga San'a'a zuwa Hadaramautu ba ya tsoron kowa sai Allah, aka ce masa amma kuna gaggawa. Ba a ba shi rana ko wata ba.

Mu a Sakkwato muna da wata matsala ta musamman, ita ce yadda muke ba da tarihin jihadi. A bakin masu wa'azi da yawa labarin yana tafiya ne daga hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a Fabrairun 1804, zuwa nasarar Tabkin Kwatto a Yuni, zuwa gina Sakkwato a 1809, kamar ba a yi tuntuɓe ba. Mai sauraro sai ya ce lalle su Allah yana tare da su, mu kuwa ya bar mu. Ba haka aka yi ba. A ƙarshen 1804 aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda tarihin jihadi ya ruwaito an rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Yunwa ta kori jama'a zuwa ƙasar Zamfara neman abinci. A 1805 aka sake shan kashi a Alwasa, aka ja da baya zuwa Gwandu. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ransa ya ɓaci da son duniya da ya gani a cikin rundunar har ya bar ta ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi ya karantar da su, daga baya ya dawo. Bayan yaƙin Giginya da Turawa a ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira aka kashe shi a Burmi, Waziri Buhari kuwa ya zauna da mutanen da suka rage, kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba har sai da ya rubuta wa malamai yana neman su duba ko abin da ya yi daidai ne. Shekara 57 aka yi kafin Turawa su sauka daga mulki. Wannan tarihin, mai ɗauke da faɗuwa da shakkar manya, shi ne yake kama da rayuwar ɗan gudun hijira, kuma shi ne zai iya jingina da shi.

A kula kuma da wanda ake yi wa magana. Faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808 nasara ce a littattafan jihadi, amma kufan Alkalawa yana ƙasar Sabon Birni, kuma da yawa daga waɗanda ake kashewa yau jikokin mutanen birnin ne. Abin da Bagobiri zai tuna shi ne kakanninsa sun watse suka sake haɗuwa a Tsibiri, suka kafa Sabon Birni, harshe da sarauta da addini ba su ɓace ba. Kowa da nasa tarihin ake tuna masa.

Akwai ƙalubale ɗaya da ba na ganin ya halatta a kauce masa. Mai hankali zai ce: waɗanda suka tsira ne ke ba da labarin tsira. Ina waɗanda yunwar Kakalaba ta 1914 ta kashe? Ina mahaddatan Tsuntsuwa? Ina waɗanda aka ƙona a mota suna salati? Maganarsa gaskiya ce, kuma addini bai musa ta ba. Sumayya da Yasir sun mutu a hannun masu azabtar da su a Makka ba su ga Badar ba. Mus'ab ɗan Umairu ya faɗi a Uhudu, mayafin da aka lulluɓe shi da shi in an rufe kai ƙafa ta fito. Mutanen ramin wuta na Suratul Buruji ba a aiko musu da ruwan sama ba. Saboda haka tuna taimakon da ya wuce ba takardar lamuni ba ce cewa wannan karon ma za ka fita da ranka da dukiyarka. Abin da yake tabbatarwa bai kai haka faɗi ba, amma ya fi haka ƙarfi: jinkiri ba ƙi ba ne, tsanani ba alamar fushin Allah da kai ba ne tunda ya sami waɗanda ya fi so, kuma lissafi ba a duniya yake rufewa ba. Hadisin Abu Sa'id ya ce addu'ar da babu zunubi ko yanke zumunci a cikinta ana ba mai ita ɗaya daga uku: a gaggauta masa, ko a ajiye masa a lahira, ko a kawar masa da sharri gwargwadonta. Malamin da ya faɗi na farko kaɗai ya shirya wa almajirinsa rauni na biyu. In uwa ta ce don me nawa ɗan, amsar gaskiya ita ce Allah ne masanin hikimarsa, a tsaya nan. Wanda ya ce zunubin ƙauyen ne ya jawo, ya yi magana a kan gaibu ba da ilimi ba, ya kuma ɗora wa wanda aka zalunta laifin azzalumi.

Wanda ya yi lissafin nan na ta hannun wa sauƙi ya zo zai ga kusan kullum akwai hannu. A yaƙin gwalalo iska ce ta kori rundunar kusan mutum 10,000, amma sai da Salmanu ya ba da shawara aka haƙa gwalalon da ciki a ɗaure. A shekarar yunwa da ake kira shekarar toka, ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya fita roƙon ruwa, kuma ya rubuta wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi ya aiko da abinci, shi kansa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har jama'a suka samu. Bayan Uhudu an tuna wa sahabbai Badar a Ali Imrana aya ta 123, amma da suka tambaya daga ina wannan ya same mu, an ce musu daga gare ku ne, aka kuma nuna takamaiman kuskuren, wato maharba da suka bar inda aka tsayar da su. Bincike ne na wanda aka ba wurin tsaro ya bari. Don haka huɗubar da ta ce wa talaka ya yi haƙuri ta kasa tambayar mai mulki ina jami'an da aka ce an tura, don me aka kira waya awa uku ba wanda ya zo, ta ɗauki rabin ayar ta bar rabi. Mutane suna lura. Shakkar da yawa daga matasanmu ba a kan Allah ta fara ba, a kan masu magana da sunansa ta fara, daga nan ta haura.

Hannun da ya fi kusa shi ne na maƙwabci. Zakkar hatsi tana wajaba idan amfanin gona ya kai ausuƙi 5, wato sa'i 300, kimanin kilo 650 a lissafin malamai da yawa na wannan zamani. Gero da dawa da wake na damina dami ɗaya ne cikin goma, shinkafar rani da aka shayar da injin ban ruwa ɗaya cikin ashirin. Jihar tana da hukumar zakka da waƙafi, kuma kowane masallacin unguwa yana iya ƙirga gidajen da suka sauki 'yan gudun hijira, ya san yawan bakin da ke cikinsu, da matan da ke takaba, da yaran da ba sa zuwa makaranta. Manoman da har yanzu ke iya isa gonakinsu a Wamakko da Bodinga da Tambuwal su fitar da hakkin tun a masussuka, a kai shi waɗannan gidaje kafin a ɗaure sauran a buhu a nufi kasuwa.